Ranar Da Na Ba Tsafe Aron Ƙanena

Na san kun taso kun tarar da zance iri biyu a kan wasan da muka yi da mutanen Tsafe. Wasu sun gaya muku Baba Sanusi ya tozarta ni a gaban jama'a, wasu kuma sun ce ni da shi muka haɗa baki muka kayar da ƙungiyarmu. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Ni ne kyaftin a ranar, ni na yi jifar ƙarshe, kuma babu abin da ya faru a filin nan da ban gani da idona ba. Don haka ku ji daga bakina.

Bari in fara da wasan kansa, tunda a cikinku babu wanda ya taɓa yin sa. Kurket a masaƙa muka koye shi, lokacin da nake gyaran inji a Gusau. Wani injiniya Ba'indiye ne ya gaji da zaman kaɗaici, ya riƙa jan mu bayan an tashi aiki yana nuna mana. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana kare su, wani kuma ya sheƙo da gudu ya jefo masa ƙwallo mai taurin tsiya. In ƙwallon ta doki sandunan, ko ka buga aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ka fita ke nan. In ka buga ta yi nisa, kai da abokin bugunka sai ku yi ta gudu kuna tara maki. In ta gangara ta wuce iyakar fili an ba ka huɗu, in ta tsallake ta sama an ba ka shida. Ɓangare ɗaya ya gama bugu, ɗayan ya zo ya nemi ya wuce shi. Iyakar wasan ke nan. Kakarku Inna ba ta taɓa kiran sa da sunansa ba, wasan muciya take ce masa.

Da masaƙa ta rufe, kowa ya kama gabansa. Wasu suka shiga kabu-kabu, wasu suka koma gona, ni kuma na dawo gida Bunguɗu ina gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Amma duk Asabar sai mun haɗu a wani filin makaranta da ke Gusau, mu share tsakuwa, mu shimfiɗa tsohuwar tabarmar wasa, mu kafa sanduna. Ku fahimci abin da wannan Asabar take a wurinmu. Mutumin da ya shekara ashirin yana tashi da jiniyar masaƙa, rana ɗaya aka ce babu, to ranar Asabar ce kaɗai yake ganin mutanen da suka san ko shi wane ne. Na hannun damana shi ne Bawa, mutumin Furfuri, wanda ke tsugunawa bayan sanduna yana cafe abin da ya wuce mai bugu. Tare muka fara aiki da shi, tare aka sallame mu, kuma ya fi kowa son ƙungiyar nan. Ni kuwa jifa ce tawa. Ba yabon kai ba, a lokacin babu wanda ya kai ni ƙarfin jifa a duk inda muka taɓa zuwa, kuma ina da wata jifa ta dabam wadda nake rage mata gudu ba tare da an gane ba, mai bugu ya kai duka tun ba ta iso ba.

Ƙanena Sanusi na ba shi shekara takwas, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ne tun tasowarsa, bai taɓa aiki a masaƙa ba, kuma da wannan na riƙa fakewa. Shekara tara yana bin mu fili, shekara tara shi ne mutum na goma sha biyu: ya ɗauko ruwa, ya rubuta maki, ya naɗe tabarma. In wani bai zo ba sai in sa shi can bakin iyaka yana tsintar ƙwallo, bugu kuwa ba ya kaiwa kansa. A gida dai yana da amfani a wurina. Kusan kullum bayan La'asar sai mu zagaya bayan gida, ya tsaya jikin katangar rumbu da wani tsohon katako, ni kuma in yi ta jifa ina gyara hannuna. Abin da nake kallo shi ne inda ƙwallona take sauka. Wanda ke tsaye a gabana ban taɓa kallon sa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani Alhaji mai motocin haya a tashar Gusau ya tsaya kallon mu wata Asabar, abin ya burge shi. Ya tambaya ko akwai wasu masu yi, muka ce akwai malaman makaranta a Tsafe da suka haɗa tasu ƙungiyar. Nan take ya ce a haɗa mu wasa, wanda ya ci zai ba su mota zuwa Kaduna su yi wasa a filin ciyawa na gaske, ya kuma saya musu sabbin kaya tun daga takalmi har hular kwano. Aka rubuta sharaɗi a takarda: ƙarfe goma na safe, mutum goma sha ɗaya, wanda ya saɓa ya faɗi. Mun taɓa karawa da mutanen Tsafe sau biyar, sau biyar muna cin su. Mafi yawanmu mun haura arba'in, mun kuma san irin wannan dama ba za ta sake zuwa ba. Tun kafin ranar mahaifiyarku ta wanke mini fararen kayana ta goge, har ta fara lissafin abin da zan sayo mata a Kaduna.

Da safe muka shiga gaida Inna kafin mu hau babur. Ta yi mana addu'a, sannan ta dube ni.

"Lawali, shi Sanusi yau ma ruwa za ya ɗauka?"

"Inna, wasan yau babba ne. Ba ranar gwaji ba ce."

"To. Allah shi ba mai rabo sa'a."

Sanusi ya sunkuya ya ɗaure jarkar ruwa a bayan babur.

Filin ya cika fiye da yadda muka saba gani. Direbobi da 'yan kamasho sun biyo Alhaji, 'yan kasuwa sun zo ganin abin da bai yi kama da ƙwallon ƙafa ba, an kafa wa manya rumfa. Ƙarfe goma ta yi, babu mutanen Tsafe. Sha ɗaya ta yi, babu su. Sai wajen sha ɗaya da rabi motarsu ta shigo, suka sauko, na ƙirga su, mutum goma. Kyaftin ɗinsu, Malam Isiya, dattijo mai sanyin magana, ya zo ya yi mini bayani. Ɗaya daga cikinsu a 'Yankuzo yake zaune, da asuba aka ce hanya ba lafiya, babu motar da ta fito. Sun tsaya jiran sa ne har suka makara. Bai roƙe ni komai ba, ya ce dai sun zo ne don kada a ce sun gudu.

Bawa ya ja ni gefe, yana nuna mini agogonsa.

"Kyaftin, takarda ta gama magana. Ga lokaci ya wuce, ga mutane ba su cika ba. A sa hannu mu tahi gida."

"Mutanen ga da suka cika hili fa? Mu ce musu mi?"

"Mu ce musu mun ci. Ai mun ci."

Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ne kaɗai ya hana ni karɓar nasarar nan ba. Akwai tausayin, don mutumin da tsoron hanya ya tsare a gida ba laifinsa ba ne. Amma akwai kuma jin kai. Ina so a ga jifata, ina so in shiga Kaduna a matsayin wanda ya ci a fili, ba a takarda ba. Kuma ban ga ta inda za su iya mu ba. Na je wurin Alhaji na ce mun yafe lokacin, za mu kuma ba su aron mutum ɗaya su cika. Da na juyo neman wanda zan bayar, ban yi dogon tunani ba. Na zaɓi wanda nake ganin rashin sa ba zai rage mu da komai ba, samun sa kuma ba zai ƙare su da komai ba.

"Sanusi, aje jarkar nan. Yau ɗan Tsafe ne kai."

Mutanenmu suka yi dariya. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya tafi wurin Malam Isiya ya miƙa masa hannu.

Mu muka fara bugu. An yi yarjejeniya jifa ɗari da ashirin kowane ɓangare, muka tara maki ɗari da sha takwas, wanda a wannan fili mai tsakuwa abu ne mai yawa. Aka yi sallar Azahar, suka shiga bugu, ni kuma na karɓi ƙwallo. Rabon da hannuna ya yi daɗi kamar ranar har na manta. Mutum uku na farko ni na tumɓuke musu sanduna, har ɗaya sandar ta yi tsalle ta faɗa kusa da rumfa, direbobi suka yi ta ihu ba tare da sun san dokar wasan ba. Kafin a jima mutum bakwai sun fita, makinsu bai wuce hamsin da biyu ba. Bawa ya fara tambayar wanda ya san gidan abinci mai kyau a Kaduna. Wani daga cikinmu ya kira matarsa a waya ya ce ta ɗora girki an gama. A nan ne Sanusi ya shigo, da aron kariyar ƙafa da ta yi masa yawa, yana tafiya kamar mai tsallaka ruwa.

Na kira mutanena masu tare ƙwallo a fili na ce su matso kusa, don na san ba zai buga ta yi nisa ba. Jifa ta farko ya tare. Ta biyu ya tare. Ta uku ya ɗan karkata katakon, ƙwallon ta bi ta inda na kwashe mutane ta gangara har iyaka. Na ce sa'a ce. Da na huta wani ya karɓi jifa, sai ya fara bugu kamar mai yankan yadi, ba hayaniya, ba ɗaga katako sama, ko'ina akwai gurbi nan yake aika ta. Malam Isiya yana ɗaya ɓangaren yana tare masa, suka yi ta tarawa ɗaya, biyu, huɗu. Mu kuma, da yake mun riga mun ci a zuciyarmu, sai ƙafafunmu suka yi nauyi. Wannan ya bar ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, wancan ya jefa ta inda babu kowa, muka fara yi wa juna tsawa. Da ƙyar muka fitar da Malam Isiya da wanda ya biyo shi. Aka kira La'asar saura musu maki ashirin da huɗu, jifa goma sha takwas, kuma mutum ɗaya ya rage mu fitar. Abokin bugun Sanusi na ƙarshe wani malamin lissafi ne da ko riƙon katako bai iya ba, amma Sanusi ya san yadda yake yi bugu ya riƙa dawowa kansa.

Muna hanyar alwala Bawa ya riƙe mini hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Lawali, ƙanenka na. Kai ka ba da shi, kai za ka karɓe shi. Ka hwaɗa mashi shi sake, shi bari a hidda shi. Kalma guda."

"Bawa, wasa muke yi."

"A'a, ba wasa muke ba. Mutum goma ke bayanka, wasu ba su taɓa wuce Funtuwa ba. Shi mi za ya rasa? Ɗinki shikai."

Na zame hannuna. Na ɗauki buta na koma gindin wani dogonyaro. Ina cikin wanke ƙafa sai ga Sanusi ya zo ya tsuguna kusa da ni, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, na ga yadda suke kallonka. In ka ce in sake, sai in sake. Ba wanda za ya gane."

Wannan ita ce maganar da babu wanda ya ji sai ni da shi, kuma a kanta na zauna rubuta muku wannan babi. Nasara tana hannuna a lokacin. Ko magana ba sai na yi ba, gyaɗa kai ya isa. Na ga Kaduna, na ga fuskar Bawa, na ga kayan da mahaifiyarku ta goge. Sannan na dubi mutumin da ke tsugune a gabana, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya samu ranarsa ta farko cikin shekara tara, yana neman izinina ya zubar da ita don kada in ji kunya. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da kaina.

"Sanusi, in ka sake, kada ka ƙara bi na hili. Ni kuma wallahi ba zan rage maka komi ba. Tashi."

Ya ce, "To, Yaya." Muka bi sahu ɗaya muka yi salla.

Na cika alkawari, ban rage masa komai ba. Jifa ta huɗu bayan an dawo, ya buga ta dawo kaina kai tsaye da ƙarfi. Da na cafe ta an gama wasa. Na kai hannun hagu, ta doki ƙaramin yatsana, na ji ƙas, ta faɗi ƙasa. A kan wannan ne masu cewa mun haɗa baki suka kafa hujja. Ku da kuka san yadda yatsan nan ya karkace har yau, sai ku yi wa kanku hukunci ko mutum yana karya yatsansa da gangan. Na ɗaure shi da hankici na ci gaba. Da aka zo jifa shida na ƙarshe saura musu maki biyar, na sake karɓar ƙwallo. Ta farko ya tare, ta biyu ta wuce shi da ƙyar ba ta taɓa sanda ba, ta uku ya tare. A ta huɗu na fito da jifar nan tawa mai rage gudu, wadda ta kayar da mutanen da suka fi shi suna. Na sheƙo kamar zan tsaga ƙasa, na sake ta a hankali. Bai motsa ba. Ya tsaya ya jira ta kamar wanda aka aiko wa saƙo tun jiya, sannan ya ɗaga ta sama. Ta wuce kan rumfa, ta wuce katangar makarantar, ta faɗa gidan mutane.

Mutanen Tsafe suka ruga suka ɗaga shi, ya yi ta roƙon su sauke shi. Namu kuwa kowa ya tsaya inda yake. Bawa ya cire safar hannunsa ya ajiye a gabana.

"Ka kyauta, Kyaftin. Kun kyauta, kai da ɗan'uwanka."

Na je na gaisa da Malam Isiya, na gaisa da Alhaji, na naɗe tabarma da hannu ɗaya. Da aka zo tafiya na ga ba zan iya riƙe kan babur ba, dole Sanusi ya tuƙa ni ina baya. Haka muka kamo hanya daga Gusau har Bunguɗu. Labari ya riga mu isa gida. Mahaifiyarku ta tare mu a tsakar gida, ta dubi hannuna, ta dubi Sanusi.

"Yanzu Sanusi, yayan naka? A gaban mutane?"

Inna tana zaune bakin ɗakinta tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Hadiza, bar shi. Wa ya ba da shi? Shi da ya ba da aro, ai bai ce a maido mashi abinai ba a yi aiki da shi ba. Ku kai shi wurin maɗori tun rana ba ta hwaɗi ba."

Sanusi ne ya raka ni. Maɗori yana jan yatsan ina cije baki, shi kuma yana riƙe da kafaɗata. Da zafin ya lafa na tambaye shi abin da ke cina tun a fili.

"Ya aka yi ka gane jifar nan?"

"Yaya, duk sadda za ka yi ta, kafaɗarka ta hagu tana sauka tun kana cikin gudu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekarar da aka haifi Aisha."

'Yar'uwarku Aisha a lokacin tana aji biyu a firamare.

"Ba ka taɓa hwaɗa mani ba."

"Ba ka taɓa tambaya ta ba."

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne, ba zan ɓoye muku ba. Asabar ta gaba mutum shida suka zo fili, ta bayanta huɗu. Kafin damina ta faɗi ƙungiyar masaƙa ta mutu, kuma ni aka ɗora wa gawarta. Bawa ya shekara biyu in mun haɗu a kasuwa sai ya juya kai, sai rasuwar Inna ce ta kawo shi gidanmu, ya zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa da shi. Masu injin niƙa na wajen Furfuri da yawa sun daina kawo mini gyara. Ban taɓa taka filin ciyawar nan ba har hannuna ya daina jifa. Na san abin da na jawo wa mutum goma da suka amince da ni, kuma ban taɓa cewa fushinsu ba ya bisa hanya ba. Amma da za a mayar da ni gindin dogonyaron nan da buta a hannu, amsar da na ba Sanusi ita zan sake ba shi. Abin da nake jin kunyarsa a labarin nan ba ranar wasan ba ce, shekara taran da suka gabace ta ne.

Malam Isiya da kansa ya zo har gida ya nemi izinina Sanusi ya bi su Kaduna. Na ce ba ni za a tambaya ba, ga shi nan a shagonsa. Ya tafi da su. Ran wasan ina bakin aiki, na kwance wani injin ban-ruwa hannuna duk baƙin mai, sai wayata ta yi ƙara. Na sa wani mai jiran gyara ya kara mini ita a kunne.

"Yaya, an cinye mu."

"Da yawa?"

"Kada ma ka tambaya. Yaya, ciyawar ga ba irin hilinmu ba ce, ƙwallo sulɓewa takai. Jifar farko aka hidda ni. Ko taɓa ta ban yi ba."

Na yi dariya har sifana ta faɗi daga hannuna, shi ma ina jin sa yana yi daga can. Da muka tsagaita sai ya ce akwai wani dogon yaro a cikin 'yan Kaduna mai jifa da hannun hagu, ya rasa gane inda ƙwallonsa take fitowa, kuma an ce za a sake gayyatar su baɗi.

"Ka kalle shi da kyau?"

"Na kalle shi."

"To ka dawo ka nuna mani yadda yake yi. Zan koyi jifa da hagun, ka samu abin gwaji."

Yatsan bai gama warkewa ba muka fara.